Gilashin da Ya Cinye Fuskar Baba

'Ya'yana, akwai sunan da kuka taso kuna ji ana tsokanar mahaifiyarku da shi, har jikoki sun ɗauka suna maimaitawa ba su san inda ya samo asali ba. Mai-toka. Idan kun tambaya sai a ba ku labarin da kowa ya haddace a zuriyarmu: wai tana amarya ta ɗauki kyamarata ta dirje mata gilashi da toka kamar mai wankin kwano, shi ya sa hoton kakanku guda ɗaya tilo da aka taɓa ɗauka ya fito fari fat, shi ya sa har yau babu ɗayanku da ya san fuskarsa. A yi dariya, ita ma ta murmusa ta ci gaba da abin da take yi. To ni ne na ɗauki hoton, kuma ina gaya muku rabin labarin ne kawai gaskiya. Ta wanke da toka, wannan haka ne. Amma ba tokar ce ta cinye fuskar Baba ba. Na san haka tun a lokacin, na ja bakina na rufe fiye da shekara talatin. Yanzu da hannuna ya fara rawa, gara in rubuta tun ina iya riƙe biro.

Kakanku Malam Idi manomi ne a Tsiga, dawa da masara da 'yar auduga, kuma mutum ne da magana ke yi wa tsada. Mu 'ya'yansa da kalma ɗaya muka fi saninsa: sake. Ka yi huɗa ta karkace, ba zai zage ka ba, ba zai ɗaga maka hannu ba, zai tsaya ne a kanka ya ce sake, ya kuma jira har ka sake. Damin dawa ya yi sako-sako, sake. Ko alwala ya ga ka yi a gurguje, sake. A wurinsa abu iri biyu ne ke lalacewa a duniya. Akwai wanda Allah ya lalata, kamar ƙanƙara ta sauka a kan masara, wannan ba a jayayya da shi, a gode wa Allah a koma gida. Akwai kuma wanda sakacin mutum ya lalata, wannan ba ya kwana sai an gyara. Ku riƙe wannan hali nasa, don a kansa komai ya tsaya.

Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bai ce haramun ne ba, cewa yake bai ga abin da mutum zai yi da inuwarsa a takarda ba. Sai Allah ya jarrabe shi da ɗa mai hoto. Da damina ina gona tare da kowa, amma da an yi girbi sai in rataya kyamara in hau babur, ranar kasuwa in nufi Bakori, wata rana Funtua, in ɗauki masu sabon ɗinki da masu neman hoton takarda da angwaye da abokansu. Baba bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata yadda aikin yake tafiya ba, wannan kuwa ya fi hani ciwo. Idan zai ambaci kyamarar sai ya ce akwatin Hamisu. Tsohuwa ce ta ƙarfe, baƙa, mai cin fim, na saye ta hannu, ina jin ma ta girme ni. Gilashinta na gaba, wanda mu masu hoto muke ce wa ido, ana kwance shi a ɗaura wani. Nawa mai lamba hamsin ne, na yau da kullum ke nan: ba ya jawo na nesa, ba ya tura na kusa, yadda idonka ya ga mutum haka zai sa shi a takarda.

A kakar shekarar da nake ba ku labari gona ta yi albarka, rumbunanmu suka cika har muka ƙara na kara. Gwaggonku Delu, ƙanwata, autar Baba, ta zo ganin gida daga Matazu inda take aure, da jaririnta a baya. Ita kaɗai ce a gidan take iya zama kusa da Baba ta dame shi da magana ya ƙyale ta.

"Baba, ni fa ba zan koma Matazu ba sai da hotonka," in ji ta. "Yaron nan a can zai girma. In ya tambaye ni kakansa kama da wa, me zan ce masa?"

"Ki ce masa kama da mutane."

Kwana uku tana kansa. Ranar Talata bayan la'asar muna zaune a zaure ina shan fura, ko kallona bai yi ba ya ce:

"Hamisu, ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci ka kawo akwatin naka. Sau ɗaya za ka danna. Ba na son a mai da ni abin kallo."

Ludayin ya tsaya mini a hanya, tsakanin ƙwarya da baki. Ban taɓa zaton zan ji wannan magana a rayuwata ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Baba bai san cewa kwana biyu kafin nan igiyar kyamarar ta tsinke a hanyar dawowa daga Bakori, ta faɗo daga babur ta daki dutse, idon ya tsage tun daga wannan gefe har wancan ba. Jikin kyamarar lafiya lau, amma ba ta da ido. Na ce masa to, Allah ya kai mu, na tashi ban ƙarasa furar ba.

Da sassafen Laraba ina Funtua, a shagon Baba Lamidi. Bayarabe ne haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa daɗi, yana gyaran agogo da kyamara a wani ɗan lungu da mutum biyu ba sa iya tsayawa a jere. Duk mai hoton da ke yankinmu ta hannunsa ya bi. Na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya jinjina kai don ya san labarin Baba, ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit ya fito da ido biyu, duka masu lamba hamsin, duka suna hawa kyamarata. Ya ɗaga na farko.

"Wannan ya sha wuya. Fenti ya tafi, bakinsa ya lotsa. Amma ni na yi aiki da shi tun kana goye, bai taɓa ba ni kunya ba."

Na kalle shi na kau da kai. Ƙarfen ciki duk ya bayyana, lambobin jikinsa sun goge, wani wurin ma da allura aka sake zana su. Ya ɗaga na biyu.

"Wannan kuma cikin kayan wani ma'aikaci aka kawo mini bayan ya rasu. Ina jin bai ɗauki hoto goma da shi ba. Shekara da shekaru yana kwance a akwati."

Tun kafin ya rufe baki na karɓe. Baƙi wul, ko ƙwarzane babu, lambobinsa fari da ja kamar jiya aka rubuta, gilashin yana wani sheƙi mai ruwan shuɗi idan ka karkata shi. Na ce wannan nake so. Baba Lamidi ya zare tabarau ya dube ni.

"Ba a zaɓen ido da fuska, Hamisu. Juya bayansa."

A cikin kowane ido akwai wasu 'yan siraran ganyayyaki na ƙarfe. Lokacin da kake leƙawa a buɗe suke don ka ga mutum sosai, amma da ka danna sai su rufe nan take su bar 'yar ƙaramar kafa, don kada rana ta yi wa fim yawa ta ƙone shi. A bayan idon akwai ɗan harshen ƙarfe da ke motsa su. Ya taɓa harshen tsohon, ganyayyakin suka rufe kafin in ƙifta. Ya taɓa na mai sheƙin, suka taho a hankali, kamar tsoho na tura ƙofar zaure. Ya karkata shi wajen haske ya nuna mini wani danshi yana ƙyalli a jikinsu.

"Ka gani? Zafin akwati ya narkar da maiƙon ciki ya sauko musu. A inuwa zai iya rufa maka asiri. A rana tsaka, kafin su rufe haske ya gama shiga. Bar mini shi mako guda in buɗe in wanke."

"Juma'a nake so, Baba Lamidi."

"To ɗauki tsohon."

Ina so ku fahimci wannan, don a nan laifin yake. Ba a ruɗe ni ba, ba a ɓoye mini komai ba. Na gani da idona. Amma da na dubi lotsattsen nan sai na hango Baba tsaye yana kallon abin da na ɗaga a gabansa, mutumin da ko fartanya ba ya yarda a shiga gonarsa da mai girgiɗi. Sau ɗaya a duniya zai dubi kayan sana'ata, in nuna masa abin da ya yi kama da wanda aka tsinto a bola? Na riƙe mai sheƙin na yi ta taɓa harshen, na yi ta taɓawa, har na ga kamar ya ɗan ƙara sauri. Na ce wa kaina zama ne ya yi masa yawa, zai ware.

"Ni dai na gaya maka," in ji Baba Lamidi. "In ka nace, ka gwada shi da fim guda gobe a rana, ka kai a wanke, ka ga abin da ya fito kafin ka ɗora shi a kan babban mutum."

Na ce to, irin to ɗin da ake faɗa don a rabu lafiya. A lokacin sai an kai fim Zariya ake wankewa, na san ba zai dawo kafin Juma'a ba. Da ya ga ba zan juya ba, ya ɗauko wani ɗan faifan gilashi mai zobe ya murɗa a bakin idon. Ya ce wannan ba ya ƙara komai ba ya rage komai, kariya ce kawai, idan wani abu zai taɓa gilashin sai ya fara taɓa shi. Na koma Tsiga ina jin kaina wani babba.

Ranar Juma'a gidanmu ya tashi kamar ana sallah. Kun san al'adar matanmu a ƙauye idan babbar rana ta zo: duk abin da za a gani sai an dirje shi da toka da soso har ya ɗauki ido, kwanuka da tasoshi da buta, har fitilar ƙwai. Mahaifiyarku Rabi tana da shekara ɗaya da 'yan watanni a gidan, yarinya ce mai son a ce ta iya, ba ta zama wuri ɗaya. Na ajiye kyamara a kan akwatina na tafi wurin wanzami. Da na dawo na ɗauka, sai na ga bakin gilashin ya yi dishi-dishi, duk zane-zane, ko hasken ƙofa ba a gani ta ciki. Wallahi ji na yi kamar an zare mini ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. Na fito tsakar gida.

"Wa ya taɓa wannan?"

Ta fito daga madafa hannunta jiƙe.

"Ni ce, Malam. Na ga shatin yatsa a kai, na goge da zane bai fita ba, sai na sa 'yar toka mai laushi. Na ce kada Baba ya gan shi da dauɗa."

Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba. Ya isa ku san cewa Delu da ke bakin turmi ta ajiye taɓarya, kuma har maƙwabta sun ji. Ban lura ba a lokacin cewa dalilinta da nawa ɗaya ne, dukanmu so muke Baba ya ga abu yana sheƙi. Na koma ɗaki, sai na tuna da faifan nan mai zobe da Baba Lamidi ya murɗa a bakin idon. Na murɗa, ya kwance. A ƙarƙashinsa idon yana nan garau, toka ba ta taɓa shi ba. Na sauke ajiyar zuciya, na wurga faifan da ya lalace bayan akwati, na shirya na tafi masallaci. Ban leƙa madafa na ce mata hankalinki ya kwanta ba. Na ce bari ta ɗan ji a jikinta, gobe ba za ta ƙara ba.

Da aka sauko Baba ya fito da farar rigarsa da hularsa. Na ajiye masa kujera a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya wuce ta ya je ya tsaya a gaban babban rumbu, a fili.

"Baba, inuwa ta fi," na ce.

"A rana nake aiki. A rana za a ɗauka."

Maganar Baba Lamidi ta dawo mini tiryan-tiryan. Nan ne wuri na biyu da ya kamata in buɗe baki. Amma sai ya sauke ido kan kyamarar, ya daɗe yana kallon gilashin nan da ke walƙiya, ya ce:

"Ashe kayan naka na da kyau."

Tunda na fara sana'ar ban taɓa jin ko rabin wannan daga bakinsa ba. Na ɗaga kyamara na leƙa, na gan shi tsaf fiye da yadda na taɓa ganinsa, don ɗa ba ya tsayawa ya ƙura wa ubansa ido. Na danna. Delu ta rangaɗa guɗa. Baba ya kaɗe rigarsa ya shige zaure. Mahaifiyarku ba ta fito ba, dama ba ta tsayawa inda surukinta yake.

Bayan kwana biyar na karɓi ambulan a tashar Funtua daga hannun direban da ke kai mana fim. Ban iya haƙuri in kai gida ba, a nan na yage. Farar takarda. Na juya bayanta don na zaci a kife na riƙe. Na sake juyowa. A can sama akwai wata 'yar inuwa da idan ka san wurin za ka ce jinkar rumbu ce, a tsakiya kuma babu komai, babu riga, babu hula, babu mutum. Sauran da na ɗauka a fim ɗin da yammacin ranar, na yaran gida, duk haka. Na zauna a kan buhun masarar wani, mai shi yana yi mini magana ban san me yake cewa ba. Daga nan na ja jiki zuwa lungun Baba Lamidi. Ya ɗaga fim ɗin wajen ƙofa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kwance idon ya taɓa harshen, muka kalli ganyayyakin suna tahowa a hankali. Bai ce na gaya maka ba. Ya miƙo mini tsohon kawai, ya ce in tafi da shi.

A hanya na shirya maganata tsaf. Zan ce Baba, laifina ne, an nuna mini na ƙi gani. Na iske su a tsakar gida, har da 'yan uwa daga maƙwabta, don labari ya kai cewa yau hoton Malam Idi zai zo. Na miƙa masa takardar na durƙusa. Delu ta leƙa ta kafaɗarsa, ta dafe ƙirji.

"Tokar nan ce. Yaya, ba a gabana ka yi ta faɗa ba ranar? Tokar Rabi ce ta yi wannan."

Kowa ya juya wajen madafa. Mahaifiyarku tana tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu. Ba Delu ta kalla ba, ni ta kalla. Na buɗe baki. Sai na tuna da ashe kayan naka na da kyau. Na tuna da mutanen da ke tsaye, waɗanda gobe za su kai labari kasuwa cewa Hamisu mai hoto bai iya zaɓen kayan aikinsa ba. Ga amsa an ajiye mini a gabana, ban nema ba, ba kuma ni na faɗa ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru.

Baba ya daɗe yana duban takardar. Can ya ce a kira masa matar Hamisu. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

"Me ya sa kika wanke?"

"Don kada a gan shi da dauɗa, Baba."

"To daina kuka. Da zuciya ɗaya kika yi. Abin da aka yi da zuciya ɗaya ya zo ya goge fuskata, ba ke kika goge ba. Allah ne bai nufa ba. Dama jikina bai ba ni ba."

"A sake mana, Baba," in ji Delu.

"Irin wannan ba a sake shi."

A nan na gane girman abin da na yi. Da shirun nan nawa na ɗauke ɓarnar daga cikin abin da sakacin mutum ya lalata na mai da ita cikin abin da Allah ya lalata, kuma Baba ba ya jayayya da wannan. Ga ido mai lafiya a aljihuna. Ga rana ba ta faɗi ba. Kalma uku zan faɗa ya miƙe ya koma gaban rumbu, ba don son hoto ba, don ba ya barin aikin banza ya kwana. Amma duk daƙiƙar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, don yanzu ba sakaci kaɗai zan amsa ba, har da barin matata tana kuka a kan laifina. Ya ninke takardar ya ba Delu, aka watse.

Baba ya ƙara wata bakwai ko takwas a duniya. Sau nawa na zauna kusa da shi a zaure da maganar a bakina, sai in ce bari a idar da sallah, bari baƙon nan ya tafi. Da damina ta sauka, bayan noman farko, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, a rana ta bakwai muka kai shi makwancinsa. Delu ta yi shekara guda ba ta yi wa mahaifiyarku magana in ban da gaisuwa. Da ta huce sai ta mai da abin wasan ƙanwar miji, ta raɗa mata Mai-toka, kowa ya ɗauka. Wasa ne, amma duk wanda ya san gidan ya san akwai ƙaya a ciki. Ni ma na yi dariya tare da su. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai ba ta san da zoben ba, a ganinta ita ta yi, kuma Baba da bakinsa ya wanke ta, to me ya rage. Da wannan na rayu, na haife ku, muka dawo Funtua, har fim ya wuce yayi na ajiye kyamara.

Bara autarku Safiya ta dawo hutu daga makaranta ta tono kyamarar a ɗakina. Ta ce wai yanzu matasa sun koma son hoton fim, ita ma tana so ta gwada. Tsohon idon Baba Lamidi, Allah ya jiƙansa, danshin damuna ya riga ya cinye shi, gilashin duk ya yi saƙa daga ciki. Ta zo da waya tana nuna mini hotunan tsofaffin idanu masu lamba hamsin da wani ke sayarwa a Zariya, ta ce in zaɓa mata. Da la'asar ne, muna tsakar gida, mahaifiyarku na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ni kuwa an taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, na gyara zama na hau karatu. Na ce ba a zaɓa a waya. Ki je ki riƙe shi a hannu, ki leƙa ta cikinsa wajen haske, ki juya zoben saita hoto ki ji ko yana tafiya sumul. Sannan ki juya bayansa ki taɓa harshen, in ganyayyakin suka yi jinkiri ko kika ga maiƙo a jikinsu, ki ajiye ko da kyauta aka ba ki, don zai ƙone miki hoto ya fito fari. Kada ƙyalli ya ruɗe ki.

"Ashe ka sani," in ji mahaifiyarku, ba ta ɗago ba.

Safiya ta yi dariya. "Inna, ke dai in na sayo ki yi nesa da shi da tokarki."

Ni ma na murmusa, Allah ya yafe mini. Mahaifiyarku ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta ta shiga ɗaki. Ta ɗan jima, ta fito da wani ƙullin tsumma, ta kama hannuna ta buɗe tafin ta ajiye. Na kwance. Faifan gilashi ne mai zobe, dishi-dishi, duk zanen toka. Na kalle shi na kalle ta.

"Ina kika samu wannan?"

"Bayan akwatinka. Ranar Juma'ar nan kuna waje, na shiga in yi shara ko kukan zai tsaya. Yana hannuna na ji guɗar Delu."

Ke nan tun kafin a wanke fim ta san cewa abin da ta dirje ba ya jikin kyamara lokacin da na danna. Tana sane ta durƙusa gaban Baba. Tana sane ta amsa sunan nan shekara talatin da wani abu, daga bakin dangina, daga bakin 'ya'yan da ta haifa. Safiya ta ajiye waya tana kallonmu, ba ta gane komai ba tukuna.

"Me ya hana ki faɗa, Rabi?"

"In faɗa wa wa? In tashi a gaban Baba in ƙaryata ɗansa? Ba maganata ba ce, Malam, taka ce. Da farko na yi shiru don abincinmu a kyamarar nan yake. Daga baya jiranka nake. Na ce zai faɗa kafin Delu ta koma. Na ce zai faɗa da Baba ya kwanta. Yau kuma na ji ka zayyana wa ɗiyarka yadda hoto ke fita fari, tiryan-tiryan, ta juyo ta kira ni da tokar, ka yi murmushi."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera ba. Na roƙe ta gafara a gaban 'yarta. Ta koma ta zauna ta jawo farantin gyaɗarta.

"Nawa na yafe tun kafin a haifi yarinyar nan, in ba haka ba da ban zauna ba. Amma da ka buɗe baki ranar, ka san abin da Baba zai ce."

Na sani. Kalma ɗaya ce.

Washegari na hau mota zuwa Matazu na gaya wa gwaggonku Delu komai. Da na gama sai ta tashi ta ɗauko mayafi ta ce mu tafi Funtua. Abin da suka yi magana ita da mahaifiyarku a ɗaki ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Sunan nan dai ya mutu daga ranar, kuma duk wanda na sake ji a bakinsa cikinku, ni da shi ne.

Fuskar kakanku kuwa ba ni da abin da zan ba ku sai baki. Dogo ne, baƙi, mai faɗin goshi, da furfura a gefen gemu ta dama fiye da ta hagu, da wani tabo a kan gira inda kara ya taɓa yankarsa. Waɗannan na haddace su ne kamar karatu, ina iya lissafa muku su ko an tashe ni daga barci. Amma shekarun nan idan na rufe ido ina so in haɗa su su zama mutum, ba sa haɗuwa. Jinkar rumbu nake gani a sama, a tsakiya kuma fari.